Yadda Za Ku Kai Yaro Ya Gana da Marubucin Labaran Al'ajabin da Yake So

'Yata tana da shekara tara, wani dare bayan isha'i, ta ɗago kai daga littafin da take karantawa ta ce, "Umma, wai matar da ta rubuta wannan tana da rai?" Littafin na labarin al'ajabi ne, irin mai dabbobi masu magana da garuruwan da babu su a taswira, kuma ta karanta shi har ɗinkin bayansa ya fara sakin shafuka. Na ce tana nan da ranta. Ta yi jim, sannan ta ce, "To tana zuwa kasuwa?" A nan na gane cewa a wurinta littafi kamar dutsen Dala yake, abu ne da aka taso aka tarar. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa wani ne ya zauna ya ƙaga shi kalma bayan kalma ba. Kuma tana da hujja, domin tatsuniyar da kakarta ke yi mata ba ta da mai ita. Wa ya san wanda ya fara ba da labarin Gizo da Ƙoƙi?

Bayan wata bakwai muka tsaya a gaban teburin matar nan, tana sa wa mutane hannu a littattafansu. Tsayuwar tamu ba ta kai minti biyu ba. Daga lokacin zuwa yau na kai yara irin wannan zama sau da dama, nawa da na 'yan'uwa, kuma kullum haka abin yake: kuɗin mota, kuɗin littafi, zaman jira da tsayuwar layi, duk domin minti ɗaya ko biyu ne. Wannan ɗan lokacin na yaron ne. Aikin babba shi ne ya kai shi bakin teburin a shirye, sannan ya ja baya.

Ku fara tantance irin taron

A ƙasarmu in an ce taron littafi, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne bikin ƙaddamarwa: babban zaure, uban taro, shugaban taro, mai sharhin littafi, da babban mai ƙaddamarwa da zai miƙe ya sanar da cewa ya sayi kwafi kaza a kan naira miliyan kaza. Taro ne mai amfaninsa, domin da shi marubuta da yawa ke mayar da kuɗin ɗab'i. Amma ba wurin yaro ba ne. Za a kwashe awa uku ana jawabi, in an tashi manya su yanyame marubucin ana ɗaukar hoto, yaro yana can baya rungume da littafinsa ba wanda ya san da shi.

Zaman sa hannu daban yake. Marubucin yana zaune a bayan tebur da alƙalami, masu karatu suna layi, kowa ya iso ya miƙa littafinsa, a yi 'yar magana, a rubuta masa suna, ya wuce. Yawanci yakan biyo bayan karatu ko tattaunawa da aka yi da marubucin a gaban jama'a. Don haka in kun ga sanarwa, kada ku tsaya kan abin da aka rubuta a jikinta. Ku kira masu shirya taron ko ku aika musu saƙo, ku tambaya ƙarara: bayan tattaunawar za a zauna sa hannu? Shiga kyauta ne ko da tikiti, kuma yaro ma sai da nasa? Ana iya zuwa da littafi daga gida, ko sai wanda aka saya a wurin? Kwafi nawa aka yarda mutum ɗaya ya miƙa? An yarda da hoto? Amsar ta uku ce ta fi muhimmanci, domin akwai kantunan da ke sharɗanta sayen sabon littafin a wurinsu, kuma bai dace yaro ya fara jin wannan a bakin ƙofa ba.

Inda ake samun marubutan

A Arewa, Kaduna ce ta fi sabawa da irin wannan. A shekarar 2017 aka fara bikin littattafai da fasaha na KABAFEST a can, wanda gidauniyar Book Buzz ta Lola Shoneyin ta shirya tare da gwamnatin jihar. A 2021 kuma ƙungiyar Open Arts, ƙarƙashin Sada Malumfashi, ta fara HIBAF, bikin da ya mayar da hankali kan rubutun Hausa. Kada a manta da Ƙungiyar Marubutan Najeriya, wato ANA, da aka kafa a 1981: tana da rassa a jihohi, har da Kano, kuma zaman karatun da rassan ke yi ya fi kowane babban biki sauƙi ga yaro, domin babu cunkoso, marubucin yana nan kusa har ana iya zama a gefensa.

Wanda ke Legas ko ke da halin zuwa, akwai bikin Aké, da aka fara a Abeokuta a 2013 kafin a mayar da shi Legas a 2018, da kuma LABAF, bikin littattafai da fasaha na Legas, da ƙungiyar CORA ke yi a Freedom Park a watan Nuwamba. Akwai wata dabara da iyaye da yawa ba su lura da ita ba. Gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai kyautar dala 100,000, tana juyawa ne shekara-shekara tsakanin rubutun zube, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara. A shekarar da aka zo kan adabin yara, kamar 2019 da 2024, marubutan yara da suka shiga jerin zaɓaɓɓu sukan yi ta fitowa karatu da hira. Shekara ce ta sa ido.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a waje, ko wanda tafiya ta kama, birnin Sharjah yana da babban baje kolin littattafai a watan Nuwamba, yana kuma da wani biki daban na karatun yara. Alƙahira na yin nata a farkon shekara, Edinburgh ta Sikotlan a watan Agusta. Sai dai a kula: shahararren baje kolin littattafan yara na Bologna a Italiya taron 'yan kasuwar ɗab'i ne, ba na iyali ba, duk da sunan yara da ke jikinsa.

Ranakun waɗannan bukukuwa suna sauyawa, wata shekarar ma ba a yi. Hanya mafi tabbas ita ce ku bi shafin marubucin da na kamfanin da ke buga masa littafi a Facebook ko Instagram, ku kuma ƙara sa ido daf da ranaku uku da makarantu da kantuna ke son gayyato marubuta: 2 ga Afrilu, ranar littattafan yara ta duniya, 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya, da 27 ga Mayu, ranar yara a Najeriya. In kuma ba marubucin da ke zuwa garinku, ku haɗa kai da wasu iyaye ku roƙi makarantar yaranku ta gayyato ɗaya. Da yawansu suna amsawa in an ɗauke musu sufuri da masauki, an kuma yi alkawarin sayen littattafai.

Littafin da za a riƙa

Kafin komai, ku karanta littafin da kanku, ko da babi huɗu ko biyar ne. Na san iyayen da ke ɗari-ɗari da labaran da ke da aljanu, dodanni da tsafi, kuma ba na raina damuwarsu. Amma karantawar ce za ta raba gardama, ba bangon littafi ba. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san mai bayarwa da bakinta take rufewa da cewa ƙarya ce ta shara mana, kuma ba mu taɓa ɗaukar Dodo a matsayin aƙida ba. In kun karanta kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku yi maganar da yaron a gida. Layin sa hannu ba wurin tuhumar marubuci ba ne. In kuma kun gamsu, karatun zai ba ku abin hira da yaron a hanya.

Sai magana mai nauyi: a tabbatar littafin na asali ne. Kasuwanninmu cike suke da littattafan satar fasaha, musamman shahararrun labaran yara na ƙasashen waje, irin waɗanda ake talla a cunkoson motoci da gefen titi. Ba sisin da ke isa hannun marubuci daga cikinsu, kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Marubuci yana gane na bogi da ya taɓa shi, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta. Wani zai daure ya sa hannu don kada ya kunyata yaro, wani zai ƙi cikin ladabi, amma ko wanne ya faru an sosa masa rai. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: takarda shara-shara da ake hango rubutun bayanta, tawada da ta yi duhu a wani shafi ta koɗe a wani, layukan da suka karkace, hoton bango dishi-dishi, gam da ke tsagewa da an buɗe, da farashin da arharsa ta yi yawa. Lambar ISBN mai alƙaluma 13 da ke bayan littafi, wadda a Najeriya Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, ba ta isa shaida ba, domin ɓarayin har ita suke kwafewa.

In kun duba kun ga wanda yaron ke ƙauna na bogi ne, kada ku tsawata masa, ba shi ya saya ba. Ku bar shi a gida, ku sayi na asali a wurin taron. Amma in na asali ne, komai tsufansa, shi za a kai. Kada ku ji kunyar kunnuwan shafuka da suka lanƙwashe ko ɗigon miya a shafi na talatin. Na ga marubuciya ta juya irin wannan littafin a hannunta, ta shafa bangon da ya koɗe, fuskarta ta washe fiye da yadda ta yi wa sababbin da ke cikin leda.

Shirya yaron, wanda shi ne babban aikin

Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su kalli babba ido cikin ido, kada su riga shi magana, in an tambaye su su amsa a taƙaice. Tarbiyya ce mai kyau, ba na so a warware ta. Sai dai a gaban tebur, in ba a shirya ba, kunyar nan kan haɗiye minti ɗayan gaba ɗaya: yaro ya sunkuyar da kai, a sa hannu, a miƙo masa, ya wuce, sai an shiga mota ya fashe da kuka yana cewa yana da abin da ya so faɗa. Abin da yake buƙata izini ne daga bakinku. Ku ce masa, "Yau an yarda ka yi magana. Wannan baƙon don ya ji ta bakinka ya zo."

Kwana uku ko huɗu kafin ranar, ku tambaye shi wane wuri ya fi so a littafin. Zai ce duka. Kada ku karɓa. Ku ce, "In aka ce za a yage duk shafukan a bar maka ɗaya, wanne za a bari?" A nan amsar gaskiya ke fitowa, kuma sau da yawa za ta ba ku mamaki, domin ba wurin yaƙi ko wurin nasara zai zaɓa ba, wani ɗan lungu ne da ku ba ku ma lura da shi ba. Wannan ita ce jimlar da zai faɗa. "Ina son littafinki" magana ce da marubuciya ta ji sau hamsin kafin layi ya zo kanku. Amma "na fi son wurin da kaza ya faru, don ni ma na taɓa jin tsoro haka" magana ce da za ta sa ta ajiye alƙalami ta ɗago kai. Ku bar jimlar da kalmomin yaron. Kada ku gyara masa ita ta koma jawabin ranar raba kyaututtuka.

Bayan jimlar, tambaya ɗaya tak, in yana da ita. Yara sun fi mu iya tambaya. Sukan ce, wane ne ya fi ba ki wahalar rubutawa? Kin taɓa jin tausayin mugun? Kina 'yar shekara nawa kika fara? Abu guda za ku gargaɗe shi a kai: kada ya faɗi ƙarshen labari da ƙarfi, domin a bayansa akwai yaran da yanzu suka sayi littafin.

Sai gwaji. Ku zauna a bayan tebur ko tire, ku riƙe biro, ku zama marubucin. Yaron ya taho daga bakin ƙofa, ya gaishe ku, ya miƙo littafi, ya faɗi jimlarsa. Sau biyu ko uku ya isa, fiye da haka sai ta zama hadda. In marubucin ba ya jin Hausa kuma Turancin yaron bai nuna ba, ku yanke tun a gida: ko ya faɗa da Turancin da yake da shi, ko ya faɗa da Hausa ku fassara. In ku za ku fassara, ku faɗi abin da ya ce daidai, ban da ƙarin gishiri. Ga yaron da kuka san harshensa zai ɗaure ko ta yaya, ya rubuta maganarsa a takarda, ko ya zana wani daga cikin mutanen labarin, ya miƙa. Wannan ma magana ce.

Yanzu batun suna, wanda ƙaramin abu ne da kan ɓata rana. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri: Hauwa, Hawwa, Hauwa'u, Ruƙayya, Rukayya, Ruqayya, Muhammad, Mohammed, Muhammadu. A cikin hayaniyar zaure ko Bahaushe ɗan'uwanku sai ya kuskure, balle baƙon da bai san ƙ mai lanƙwasa ba. Ku rubuta sunan da manyan baƙaƙe a 'yar takarda, ku saka a shafin da za a sa hannu. Kuma ku tambayi yaron wane suna yake so. Da yawa daga 'ya'yanmu sunan kakanni suka ci, a gida Abba ne ko Ummi ko Walida, a makaranta kuma sunan yanka. Littafinsa ne, shi zai zaɓa.

A ƙarshe ku faɗa masa gaskiyar yadda abin zai kasance: za a daɗe a tsaye, ganawar gajeriya ce, kuma mai yiwuwa marubucin bai yi kama da hotonsa na bayan littafi ba, ya fi tsufa, ko ya gaji.

Ranar taron

Ku isa da wuri, ku wuce teburin masu sayar da littattafai kai tsaye kafin a fara tattaunawa. Kwafin da suke kawowa ƙidayayyu ne, kuma da an tashi kowa can zai nufa. Ku riƙe tsabar kuɗi, domin POS da tiransifa sun saba cin amana a daidai lokacin da layi ke tafiya. Ku tambayi ma'aikatan wurin inda za a ajiye teburin sa hannu, ku zauna a kujerar gefe da ke kusa da ƙofar da ke kaiwa can.

A jaka: littafin a cikin leda saboda ruwan sama ko gorar ruwa da ka iya zuba, biro mai kyau da kuka gwada, ruwan sha, da ɗan abin taɓawa marar maiƙo kamar dabino. Ƙosai da soyayyen nama su jira sai an gama, yatsa mai mai ba ya barin shafi lafiya. Ku rubuta lambar wayarku a takarda ku saka a aljihun yaron, ku nuna masa wurin da zai tsaya in kun rabu. A kai shi banɗaki kafin a shiga layi. In lokacin zai ci karo da la'asar ko magariba, ku lissafa tun farko. In salla ta riske ku a layi, ku gaya wa na bayanku da ma'aikacin da ke kula da layin, galibi za su riƙe muku wuri.

Layin kansa ba asara ba ne. Yaran da ke gaba da baya duk littafi ɗaya suke riƙe da shi. Ku ajiye waya, ku bar su su yi hira.

A gaban tebur

In ya rage mutum biyu a gabanku, ku buɗe littafin a shafin da ke ɗauke da sunan littafi da na marubuci da na kamfanin ɗab'i, nan ne aka saba sa hannu. Ku saka takardar sunan a ciki, ku miƙa wa yaron. Daga nan littafin ba ya komawa hannunku.

Ya gaisa yadda ya saba gaida manya, da ɗan rusunawa: "Ina wuni, Malam," ko "Sannu da aiki, Anti." Ya miƙa da hannun dama ko da hannu biyu. Ku kuma ku yi gaisuwarku gajeriya, ku koma rabin taku a bayansa. In aka miƙo hannu don musabaha kuma ku ko 'yarku ba ku saba ba, ɗora hannu a ƙirji da murmushi ya wadatar, ana gane shi a ko'ina.

Sai wuri mafi wuya ga babba. Marubucin zai tambayi yaron wani abu, yaron zai yi shiru, bakinku zai yi ƙaiƙayi ku amsa masa. Ku ƙirga biyar a zuci. Ranar da na kai 'yata, matar ta dubi takardar sunan, ta dube ta, ta ce, "'Yammata, ke ce mai wannan littafin da ya sha hannu haka?" Yarinyar ta sunkuya tana murza bakin hijabinta. Na ji maganar ta taho har kan harshena, na haɗiye. Can sai ga murya ƙasa-ƙasa: "Anti, sau shida na karanta." Matar ta ajiye alƙalamin ta ce, "To ai kin fi ni saninsa. Gaya mini wurin da na yi kuskure." Yarinyar ta yi dariya, kuma daga nan ba a sake neman bakina ba. Marubutan yara sun san yara masu kunya, sana'arsu ce. In biyar ɗin ta cika bai ce komai ba, ku taimaka da ƙofa kawai, ba da amsa ba: "Gaya mata wurin nan da ka ce ka fi so."

Hoto kuwa, ku buɗe kyamarar tun kuna layi, ku nemi izini da kalma ɗaya, ku ɗauka suna cikin magana. Ya fi wanda ake tsayar da kowa a ce a kalli nan. In fuskokin 'ya'yan wasu sun fito, ku yanke su kafin ku ɗora a intanet.

Akwai abubuwan da na ga manya suna yi da nake roƙon a bari. Kada ku zaro rubutunku ku ce a duba muku ko a haɗa ku da maɗaba'a. Kada ku nemi lambar waya, ko kyautar littafi, ko a taimaka da wani abu. Kada ku jibge littattafai goma alhali an ce biyu. Kada ku ce wa marubucin ya yi wa yaron faɗa ya dage da lissafi. Mutumin nan ya yi awa guda ko fiye yana rubutu, wuyan hannunsa na zafi, kuma a bayanku akwai wata yarinya da ita ma ta kwana tana maimaita jimlarta. Da an miƙo littafin, yaron ya karɓa, ya ce na gode, ku ba da wuri.

In abin bai tafi yadda aka so ba

Yakan faru. Na taɓa kai ɗan ƙanwata wani taro, muka yi kusan awa biyu a tsaye, saura mutum uku a gabanmu aka ce baƙon zai kama jirgi, an rufe layi. Yaron bai yi kuka ba, ya dai ƙanƙame littafin ya ƙi magana, wanda ya fi kuka ciwo. Ban ce masa ba komai ba ne, domin komai ne. Na ce, "Na san ka ji zafi, ni ma na ji." Sannan muka nemi ɗaya daga cikin masu shirya taron, muka ba ta zanen da ya yi, da sunansa a baya, ta yi alkawarin isarwa. Muka kuma tambayi mai sayar da littattafai ko an bar kwafin da aka riga aka sa wa hannu, domin marubuta kan sa hannu a wasu su bari a tebur. Muka dace da ɗaya. Hanya ta uku ita ce wasiƙa: adireshin kamfanin ɗab'i yana bayan shafin sunan littafi, kuma ta nan ake isar wa marubuta saƙon masu karatu, ko da amsar takan daɗe, wani lokaci ma ba ta zuwa.

In an kuskure harafi a sunan, ku nuna nan take cikin sauƙi, za a gyara. In marubucin ya zama mai ƙarancin magana, kada ku zage shi a gaban yaron a hanyar gida. Ku ce ya gaji, wanda galibi gaskiya ne. Da yawan masu rubutu ma kunyar ce ta kai su ga alƙalami.

Bayan an karɓo

Kada a rufe littafin nan take. A riƙe shi a buɗe minti ɗaya ko biyu tawadar ta sha iska, musamman in takardar mai santsi ce irin ta littattafan hotuna, in ba haka ba sai rubutun ya manne a shafin da ke fuskantarsa. Ku ɗauki hoton shafin. In marubucin bai sa kwanan wata ba, yaron ya rubuta ranar da wurin da fensir a shafin ƙarshe.

A gida, ban da laminatin, ban da manna salatef a kan rubutun, duk suna lalata takarda. Maƙiyan littafi a wurinmu gara ce, da danshin damina, da rana mai koɗar da tawada, don haka a ɗora shi a kanta nesa da ƙasa, kada ya jingina da bango, kada kuma taga ta riƙa haska shi. Amma kada ku kulle shi a akwati tare da takardun fili. A bar yaron ya ci gaba da karanta abinsa, ya karanta wa ƙannensa, ya kai makaranta ya nuna wa malaminsa ya dawo da shi.

A hanyar dawowa kada ku tsare shi da tambayoyi. Wani yaron zai yi ta zuba har gida, wani sai bayan kwana biyu. Abin da nake yi shi ne in ba da takarda da daddare in ce a rubuta abu uku da aka gani, kafin su dushe. Takardar 'yata tana nan cikin littafin har yau. Ta rubuta cewa matar tana shan ruwa a gora irin tamu, ta rubuta cewa ta ce mata ta fi ta sanin littafin, a layi na uku kuma ta rubuta: "Tana da lalle a hannu irin na Goggo, kuma tawada ta ɓata mata yatsa."